Mayar da jimlolin tattara bayanai daga Turanci zuwa Larabci a takardun ƙasa da ƙasa

"Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya. Larabci na karanta a jami'a, yanzu kuma ina aiki da wata ƙungiyar agaji mai abokan hulɗa a Chadi da Sudan da wasu ƙasashen Larabawa. An ba ni wata takardar manufa da Turanci in mayar da ita Larabci, kusan rabinta maganar tattara bayanai ce. Jimlar da ta fi tsaya mini a wuya ita ce: 'Partners should, where feasible, collect and share data disaggregated by sex, age and disability, with the informed consent of data subjects.' Na duba ƙamus, ya ba ni bayanat, ya ba ni ma'alumat, ya ba ni mu'uɗayat. Haka 'monitoring' da 'survey', kowacce da fassara uku-uku. Wacce zan ɗauka? Ko duk ɗaya ne, in zaɓi wadda ta fi daɗi a baki?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta kasu biyu. Na farko, wace kalmar Larabci ce daidai da "data" da sauran 'yan uwanta. Na biyu, wanda ba ki fito da shi fili ba amma ya fi nauyi, shi ne yadda za a ɗauko jimlar nan gaba ɗaya zuwa Larabci ba tare da an ƙara wa wani wajibin da ba a ɗora masa ba, ko an rage wa wani kariyar da aka ba shi. A shekarun da na yi ina wannan aiki, na ga mutane suna ɓata dare a kan sunaye, su bar fi'ilai da ƙananan sharuɗɗa su wuce ba a duba ba, alhali a nan ne ma'anar takardar manufa take zaune. Don haka zan ba ki amsar kalmomin, amma zan fi daɗewa a kan na biyun.

Inda wannan Larabcin ya samo asali

Larabcin takardun ƙasa da ƙasa ba shi ne wanda muka karanta a Muƙamatu da littattafan balaga ba, ko da yake nahawunsu ɗaya. Salo ne da ya ginu a ofisoshin fassara. Kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 da harsuna biyar aka tabbatar da shi, babu Larabci a ciki. Sai ranar 18 ga Disamba 1973 Babban Zauren Majalisar ya karɓi Larabci a matsayin harshen hukuma da na aiki. Tun daga lokacin mafassaran da suka fito daga Masar da Sham da Iraƙi da Sudan da Magrib (yankin Maroko, Aljeriya da Tunisiya) suke zaune wuri ɗaya suna daidaita kalmomi, har aka wayi gari kowace jimla da ake yawan maimaitawa tana da rigar da aka ɗinka mata. Wanda ya saba karanta waɗannan takardu, da ya ga kalma ya san Turancin da ke bayanta.

Akwai kuma dalili na shari'a. Sashe na 33 na Yarjejeniyar Vienna ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi ya ce idan an tabbatar da yarjejeniya da harsuna biyu ko fiye, kowane matani yana da ƙarfi daidai da ɗan uwansa, sai dai in an amince da wani abu daban. Ke nan matanin Larabci ba bayanin matanin Turanci ba ne, shi ma asali ne da za a iya kafa hujja da shi. Misali ɗaya ya isa ya nuna girman abin. Lokacin da ake shirya Yarjejeniyar Haƙƙin Nakasassu a 2006, an saƙala wani ɗan sharhi a ƙasan daftarin sashe na 12, wanda ya ce a Larabci da Sinanci da Rashanci kalmar cancanta ta shari'a tana nufin cancantar mallakar haƙƙi ne kawai, ban da cancantar zartar da shi. Ke da kika yi usulul fiƙhi kin san wannan bambanci, shi ne tsakanin ahliyyatul wujub da ahliyyatul ada'. Ƙungiyoyin nakasassu suka yi ca a kan sharhin, aka cire shi kafin a amince da yarjejeniyar a Disambar shekarar. Takardarki ba yarjejeniya ba ce, amma daga irin waɗannan matanoni ta aro kalmominta, kuma masu karanta ta da Larabci da wannan kunnen za su saurare ta.

Bayanat, ma'alumat, mu'uɗayat

A taƙaice, "data collection" shi ne jam'ul bayanat, "information" kuma ma'alumat. Haka Majalisar Ɗinkin Duniya take rarrabe su. Taken sashe na 31 na yarjejeniyar nakasassun da na ambata da Larabci shi ne jam'ul ihsa'at wal bayanat. Bayanat su ne ɗanyun abubuwan da aka rubuto daga fili, shekarun mutum, garinsu, adadin 'ya'yansa. Ma'alumat sun fi faɗi, sun haɗa da abin da aka tace aka fahimta. Mu Hausawa kalma ɗaya muke amfani da ita ga duka biyun, wato bayanai, shi ya sa kunnenmu ba ya jin tsallen idan mai fassara ya sauya daga wannan zuwa waccan a tsakiyar shafi. Balarabe masanin ƙididdiga yana ji.

Mu'uɗayat ba kuskure ba ce, kalmar Magrib ce. Ta bi sawun kalmar Faransanci mai nufin abubuwan da aka bayar. Dokar Tunisiya ta 2004 kan kare bayanan mutum da ita aka rubuta ta, haka dokar Maroko mai lamba 09-08 ta 2009, haka ta Aljeriya mai lamba 18-07 ta 2018. Can gabas kuwa, dokar Masar mai lamba 151 ta 2020 da tsarin Saudiyya na 2021 duk al-bayanat ash-shakhsiyya suka ce. Tunda masu karanta takardarki suna Sudan da Chadi da sauran ƙasashe daban-daban, ki ɗauki bayanat ki riƙe ta tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ɗan Maroko zai gane ta ba tare da wahala ba. Da takardar ta wata hukuma ce a Rabat ko Tunis kaɗai, da sai in ce ki bi kalmarsu.

Ki lura da wani abu ƙarami: mufradin bayanat, wato bayan, a harshen diflomasiyya sanarwa yake nufi, kamar bayan khitami, sanarwar bayan taro. Kada ki mayar da kalmar mufradi don kina nufin ƙwaya ɗaya ta bayanai. Haka kuma "policy". Larabci siyasa yake cewa, kuma as-siyasa ad-dauliyya a mufradi ta fi kama da siyasar duniya, ta rikici da ƙawance tsakanin ƙasashe. Idan manufofi ake nufi, jam'i ya fi fitar da ma'ana: as-siyasat ad-dauliyya, ko as-siyasat al-amma.

Nauyin fi'ili

Yanzu ga inda nake so ki tsaya. Fi'ilin farko a jimlarki "should" ne. A al'adar fassarar Majalisa wannan yanbaghi ne, ba yajibu ba. Yajibu da yata'ayyanu na "must" ne. "May" na izini kuma yajuzu ne, ba yumkinu ba, don yumkinu iyawa take nunawa, ba halasci ba. "Shall" ta yarjejeniyoyi, wadda ita ce mafi ɗaurewa, yawanci da fi'ili mudari'i, wato na lokacin yanzu, tsurarsa ake kawo ta: taƙumud duwalul aɗraf, takfulud duwalul aɗraf. Sabon mai fassara yakan ga "shall" ya sa saufa, ya mayar da wajibi labarin abin da zai faru nan gaba. Wani kuma ya ga "should" ya ji yanbaghi ta yi sanyi, ya ɗaga ta zuwa yajibu don jimlar ta yi ƙarfi. Duka biyun sun canza yarjejeniyar da mutane suka zauna suka cimma.

Haka fi'ilan da ƙudurori suke buɗe sakin layi da su. Kowanne da matakinsa, kuma wakilan ƙasashe sukan kwana suna jayayya a kan wanne za a sa. "Invites" tad'u ne, "encourages" tushajji'u, "calls upon" tuhibu bi, "urges" tahussu, "requests" taɗlubu ila. Matsalar da aka fi samu ita ce a fassara "invites" da "calls upon" duka da tad'u, sai matakai biyu su narke su zama ɗaya. Aikin mai fassara a nan irin na mai awo ne a kasuwar hatsi: da mudun da aka auna aka ba ka, da shi za ka auna ka miƙa, ba tozo, ba ragi.

Sai ƙananan sharuɗɗan da suke kama da ciko. "As appropriate" hasabal iƙtida'. "Where feasible" ko "where possible" haisuma amkana. "On a voluntary basis" ala asasin ɗau'iyyin. "In accordance with national law" wafƙan lil ƙanunil waɗani. Ko ɗaya daga cikinsu ba ado ba ne. Ƙofofi ne da wata ƙasa ko wata ƙungiya ta nace a bar mata kafin ta sa hannu. Na sha karɓar fassarori don dubawa in tarar an share su saboda suna katse gudun jimla. Gaskiya ne suna katsewa, amma dole su zauna, kuma a gurbin da ya dace.

Jimlarki, gaɓa-gaɓa

Ga yadda zan kawo ta:

ينبغي للشركاء، حيثما أمكن، جمع بيانات مصنفة حسب الجنس والسن والإعاقة وتبادلها، على أن يكون ذلك بموافقة مستنيرة من أصحاب البيانات.

Wato: yanbaghi lish shuraka'i, haisuma amkana, jam'u bayanatin musannafatin hasabal jinsi was sinni wal i'aƙati wa tabaduluha, ala an yakuna zalika bi muwafaƙatin mustaniratin min as'habil bayanat.

Na raba masdarori biyun, na sa jam'u a gaba, tabaduluha a baya da lamiri, maimakon jam'u wa tabadulul bayanat. Na biyun ya cika jaridu, amma malaman nahawu ba sa son a jingina sunaye biyu ga mudafun ilaihi ɗaya, wato sunan da ake jinginawa gare shi, ta wannan hanya, kuma editocin da suka san aikinsu sukan gyara shi.

Haisuma amkana na bar ta kusa da tattarawa da musayar, nesa da maganar yarda. Wannan da gangan ne. A fahimtata, marubucin yana cewa a tattara bayanan idan hali ya yi, amma duk lokacin da aka tattara to sai da yardar masu su. Da na kai haisuma amkana ƙarshen jimla, bayan as'habil bayanat, mai karatu zai iya fahimtar cewa yardar ce ake nema idan hali ya yi. Ma'aikacin da ke rajistar 'yan gudun hijira a gabashin Chadi, da dogon layi a gabansa da rana a kansa, zai ɗauki wannan a matsayin izinin tsallake tambayar. Shi ya sa na ƙara ala an yakuna zalika, don sharaɗin ya hau kan ayyukan biyu, tattarawa da musayar, ya kuma tsaya da ƙafarsa. Duk da haka Turancin kansa yana da ɗan duhu a nan, kuma abin da ya dace shi ne ki tambayi wanda ya rubuta. Zan dawo kan wannan.

"Share" kalma ce mai santsi. Tabadul tana nuna ba-ni-in-ba-ka tsakanin ɓangarori. Idan abokan hulɗa ne za su riƙa musaya a junansu, ta yi daidai. Idan kuwa ɓangare ɗaya ne zai riƙa miƙa wa wani, misali ƙungiya ta miƙa wa gwamnati ko mai ba da tallafi, to tabadul ta ɓoye gaskiyar abin, sai a ce tazwid ko taƙdim, ko ifsah idan bayyana abin da yake a rufe ake nufi. Idan buɗe su ga kowa ne, itaha ko nashr. Musharaka ta yaɗu saboda maɓallin Facebook da WhatsApp, kuma tana shiga takardun hukuma yanzu, amma ba ta faɗa wa mai karatu wa zai ba wa. Ga mutumin da sunansa da garinsu suke cikin rajistar, babu tambayar da ta fi wannan muhimmanci.

"Disaggregated" za ki same ta da fuska biyu a takardun Majalisa, musannafa da mufassala. Manufa ta farko ta Yarjejeniyar Ƙaura ta Duniya da aka amince da ita a Marrakesh a Disambar 2018 tana magana ne a kan tattara sahihan bayanai rarrababbu don gina manufofi a kan hujja, kuma musannafa ce kalmar da na saba gani a wannan mahalli. Ki guji mujazza'a da mufakkaka da na'urar fassara takan kawo, don suna ba da hoton abin da ya wargaje. Ki kuma kiyaye tagwayen nan: jam'u shi ne tattarowa daga fili, tajmi'u shi ne harhaɗa abin da aka riga aka tattaro. Bayanat mujamma'a su ne waɗanda aka dunƙule, kishiyar musannafa ke nan.

Jinsi, ƙabila, nakasa

Jimlarki "sex" ta ce, don haka al-jins. Da "gender" ta ce, da kin shiga wani fage mai ƙura. Takardun Majalisa sun daɗe suna cewa nau'ul jins, da sifar jinsani, ƙungiyoyi da jami'o'i da yawa kuma an-nau'ul ijtima'i suke cewa, wasu su bar ta jandar. Kalmar tana jawo muhawara a ƙasashen Larabawa kamar yadda take jawowa a nan gida. Shawarata ita ce kada ki warware wa marubuci rigimar da bai warware ba, kada kuma ki ƙirƙiro masa wadda bai tayar ba. Inda ya ce "sex" ki ce al-jins, inda ya ce "gender" ki zaɓi ɗaya daga cikin biyun farko ki tsaya a kanta. Ki kuma sa ido a kan al-jinsiyya, wadda take nufin ƙasar da mutum yake ɗan ta. Harafi biyu ne tsakaninsu, kuma na taɓa ganin fom da aka buga aka raba, gurbin namiji ko mace yana ɗauke da al-jinsiyya, mutane suna ta rubuta sunan ƙasarsu.

Buri na 17.18 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na 2015 ya lissafa abubuwan da ake so a rarrabe bayanai a kansu: kuɗin shiga, jinsi, shekaru, launin fata, ƙabila, matsayin ƙaura, nakasa, da wurin zama. Idan takardarki ta ɗauko wannan jeri, ki yi hattara da biyun tsakiya. Larabci yakan ce al-irƙ ga na farko, al-aslul isni ko al-intima'ul isni ga na biyu. Kada ki sa ƙabila ko ɗa'ifa don sun fi kusa da kunnenmu. Ƙabila a Sudan da Chadi tana nufin wani abu takamaimai, kuma a yankin da aka kashe mutane saboda ita, tambayar mutum ƙabilarsa a fom ba ƙaramin abu ba ne. Ɗa'ifa kuma ɓangaren addini take nunawa. Lebanon ba ta sake ƙidayar jama'a a hukumance ba tun 1932 saboda tsoron abin da alƙaluman ɗa'ifofi za su tayar, mu ma a Najeriya ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba. Mai fassara da ya san wannan ba zai saki hannu a wurin ba.

Nakasa al-i'aƙa ce, mutanen kuma al-ashkhas zawul i'aƙa, kamar yadda yarjejeniyar 2006 ta kira su. Hadaddiyar Daular Larabawa tana cewa as'habul himam a hukumance, wasu na cewa zawul ihtiyajatil khassa. A takardar da za ta zagaya ƙasashe, ki bi lafazin yarjejeniyar.

Masu bayanan da masu riƙe da su

A nan dokokin Larabawa suka fi rarrabuwa, don kowace ƙasa ta ɗauko ma'anonin daga dokokin Turai, irin su dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018, ta sa musu sunan da ta ga dama. "Data subject" a tsarin Saudiyya sahibul bayanat ash-shakhsiyya ne, a dokar Masar ash-shakhsul ma'ani bil bayanat, a Maroko ash-shakhsul ma'ani. Wanda yake yanke shawarar me za a yi da bayanan, wato "controller", Masar ta ce al-mutahakkim, Saudiyya jihatut tahakkum, Maroko al-mas'ul anil mu'alaja. Na zaɓi as'habul bayanat a jimlarki saboda gajarta da sauƙin fahimta. Abin da ba za ki taɓa rubutawa ba shi ne maudu'ul bayanat, wanda na'ura take kawowa, don wannan batun da bayanan suke magana a kai ne, mutumin ya ɓace.

Al-muwafaƙa al-mustanira ita ce kafaffiyar fassarar "informed consent". Ki raba sirriyya da khususiyya: ta farko alƙawarin mai riƙe da bayanai ne cewa ba zai fallasa ba, ta biyu haƙƙin mutum ne a bar masa sha'aninsa. Ƙa'ida ta shida cikin Ƙa'idojin Ƙididdigar Hukuma, waɗanda Babban Zauren Majalisa ya amince da su a 2014, a kan sirriyya take: bayanan ɗaiɗaikun mutane a tsare su, kuma kada a yi amfani da su sai don ƙididdiga.

Rasd da mas'h da sauransu

"Monitoring" a takardun manufa rasd ne. Muraƙaba tana da ƙamshin sa ido irin na jami'an tsaro, ita ce ake ba "surveillance". Idan kika rubuta cewa ƙungiyarku za ta yi muraƙabar 'yan gudun hijira, kin faɗi abin da zai tsorata su, ya kuma sa hukuma ta ɗaga gira. Mutaba'a bibiya ce, "follow-up". A fannin lafiya kuwa sa ido kan yaɗuwar cuta tarassud ne a Larabcin Hukumar Lafiya ta Duniya.

"Survey" a New York da Geneva dirasa istiƙsa'iyya ce, a ofisoshin ƙididdiga na yawancin ƙasashen gabas mas'h, a Maroko kuma bahs. Ga mutanen fili mas'h ta fi sauƙi. Istibyan takardar tambayoyin ce kanta, istiɗla' kuma jin ra'ayin jama'a. Ƙidayar jama'a ta'adad ce a Masar da Sudan, Maroko kuma ihsa' take cewa. "Household" ki ce al-usra al-ma'ishiyya, kada ki tsaya a usra kaɗai, don masu ƙididdiga mutanen da suke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya suke nufi, ko da ba dangi ba ne. A babban gida mai sassa da yawa, irin namu ko irin na Darfur, dangi ɗaya zai iya zama usra ma'ishiyya huɗu, kuma a kan wannan lissafi ake raba kayan agaji.

Yadda nake yi a aikace

Kafin in fassara kalma ɗaya, nakan karanta takardar duka in ja layi a ƙarƙashin kowane fi'ilin wajibci da kowane sharaɗi. Sannan in nemi inda aka aro jimlolin, don takardun ƙungiyoyi kwafi suke yi daga manyan matanoni ba tare da sun faɗa ba. Idan na gane asalin, sai in buɗe shi a rumbun takardun Majalisa a intanet. Kowace takarda tana da lamba ɗaya a harsuna shida, misali A/RES/70/1 ita ce ta Muradun 2015, kuma lambobin sakin layi ba sa canzawa, don haka sai in ajiye Turanci a hagu, Larabci a dama. Abin da aka riga aka fassara a hukumance ba na sake masa fassara, ko da ina ganin zan iya fin sa kyau. Ga kalmomi ɗaiɗai kuma akwai UNTERM, rumbun kalmomin Majalisa, kyauta ne. Daga nan sai in yi ɗan jadawali na kalmomin da na zaɓa, in aika wa mai takardar tare da fassarar, don wanda zai fassara takarda ta gaba ya bi sahu.

Google Translate da sauran na'urori suna da amfani wajen daftarin farko, kuma Larabcinsu a wannan fanni ba laifi, don da irin waɗannan takardu aka horar da su. Rauninsu shi ne rashin tsayawa a kan kalma ɗaya, da sauya nauyin fi'ili daga sakin layi zuwa wani. Layukan da kika ja tun farko su ne za ki bi ɗaya bayan ɗaya ki gwada.

Duk abin da na faɗa na takardar manufa ne. Idan daga cikinta za a ciro fom ɗin neman yarda da za a karanta wa mutane a sansani, wannan wani aiki ne daban. Tsohuwar da ta tsallako daga Darfur ba ta magana da al-muwafaƙa al-mustanira. Larabcin Chadi ko na Sudan take ji, wataƙila ma Masalit ne harshenta. A nan sai a warware ma'anar cikin gajerun jimloli: ga abin da za mu rubuta, ga wanda zai gani, kina da damar ƙi, kuma ƙin ba zai hana ki taimako ba, idan har haka tsarin yake. A sa ɗan yankin ya karanta da ƙarfi a ji yadda ta sauka.

Ni mai fassara ne, ba lauya ba, kuma jimla ɗaya kika nuna mini daga cikin takardar. Idan akwai sashen ma'anar kalmomi a farkonta, shi ne gaba da duk abin da na faɗa. Idan kuma za a sa mata hannu ta zama yarjejeniyar musayar bayanai da wata hukuma, to lauyan ƙasar ya duba matanin Larabcin, a daidaita kalmomin da na dokarsu, a kuma rubuta a ciki wane matani ne za a bi idan biyun suka saɓa. Kafin nan, ki aika wa marubucin tambayoyi biyu a rubuce: shin "where feasible" ta shafi neman yarda ko tattarawa da musaya kawai, kuma "share" ɗin nan tsakanin su wa da wa ne. Amsar da ya bayar ita za ta nuna miki ko tabadul za ta zauna ko tazwid ce za ta maye gurbinta.